Katakon Baba

Ranar da likita ta ce 'yata Mitsi ta yi sallama da alkama da madara, ban jira gari ya sake wayewa ba. Ina komawa gida na ɗaure ɗankwali a ƙugu na faɗa kicin. Taliya, biskit, bota, madarar gwangwani, rariya, tsohuwar muciya, duk na tattara na raba wa maƙwabta. Likitar ta ja mini kunne cewa akwai wani abu mai danƙo a cikin alkama, gulutin, wanda ko ɓurɓushinsa ya shiga cikin yarinyar sai ta yi kwana uku tana murƙususu. Ni kuwa na gaji da ganin 'yar shekara bakwai tana riƙe ciki a ƙasan tebur.

Na kafa doka: abin da Mitsi za ta ci, shi kowa zai ci. Maigidana ya ɗan yi ƙorafi a kan shayinsa, na dube shi sau ɗaya, ya ce ai dama madarar kwakwa ta fi ƙamshi. Muka koma shinkafa da kifi, dankali da ƙwai, wake da alayyahu, ayaba soyayya. Cikin wata guda kumatun yarinya suka fito, har siket ɗin makaranta ya fara matse ta. Murna kamar ta kashe ni.

Saura abu ɗaya, burodi.

Mahaifina, wanda ke zaune tare da mu, shekara arba'in ya yi yana aiki a gidan burodi kafin gwiwa ta zaunar da shi. Duk Asabar da safe yakan gasa mana guda biyu, kuma gefen farko, mai ɓawon nan, na Mitsi ne. Ranar da nake kwashe kayan kicin, da na zo kan katakonsa na murza kwaɓi, wanda maigidansa na farko ya ba shi tun yana saurayi, sai da muka yi cacar baki. Ya ce ya wanke. Na ce katako ba ya wankuwa. A ƙarshe ya rungume abinsa ya kai ƙarƙashin gado, wai don ya riƙa kallo kawai.

Wata Asabar Mitsi ta ture farantin ƙwai ta ce, "Mama, Tsoho ya daina sona ne?"

Baba yana bakin ƙofa, ya ji. Washegari ya aike ni in sayo garin shinkafa da sitacin dankali da yis.

Sau goma sha ɗaya ya gwada. Na farko ya fito kamar bulo, maigidana ya ce a ajiye masa ya tokare ƙofar banɗaki. Na huɗu ya ruguje tun a gwangwani. Na tara ya yi kyau a ido, aka yanka, ciki ɗanye sharaf. Kowace Asabar Mitsi za ta zauna da farantinta tana kaɗa ƙafa, kowace Asabar ta tashi da shi wayam. Ta daina tsokanarsa, shi ma ya daina ce mata amarya. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Asabar ta goma sha biyu ina baranda ina shanya sai na ji ihu.

"Ku zo! Ku zo ku gani!"

Na yar da zanen gado na ruga. Baba na durƙushe gaban obin ɗin gashi, da gwiwar nan tasa da yake kuka da ita, hancinsa a jikin gilashi. Burodi ya tashi! Ya haura bakin gwangwani ya yi ƙozo, samansa ya yi ja. Ƙamshi ya cika gidan har matattakala. Maigidana ya fito da kumfar aski a rabin fuska yana tafi, Mitsi kuwa tsalle take tana "Tsoho ya iya! Tsoho ya iya!" Ni ma, uwar 'ya, sai ga ni ina rawa da mazubin shanya a hannu.

Da ƙyar muka bari ya huce. Baba ya ƙwanƙwasa ƙasansa da yatsa, ya kasa kunne, ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin zuwa asibiti.

"Amarya, kawo farantinki."

"Baba, me ka canza?" na tambaya, ina miƙa masa wuƙa.

"Ruwa na ƙara, da ƙwai ɗaya, ban murza ba." Ya yanke gefen, wuƙar na ƙaras-ƙaras. "Sannan na yi masa mari uku. Shekara arba'in ban taɓa sa kwaɓi a gwangwani ba sai na juye shi a katako na mare shi sau uku. Dama na san abin da ya hana sauran tashi ke nan."

Na waiga, sai ga katakon a jingine bayan kwandon kwanuka, yana ɗigar ruwa.

Hannun Mitsi ya riga ya kai kan burodin. Na fizge farantin da ƙarfin da har ta tsorata.

"Haba, 'yar nan!" in ji Baba. "Sau uku na wanke shi da ruwan zafi. Garin shinkafa na barbaɗa, wallahi ko ƙwayar fulawa ban taɓa ba."

Raina ya ɓaci. Na ɗauko tsinken sakace na ba shi, na nuna masa tsagar da ta ratsa tsakiyar katakon. Ya sa tsinken ya ja. Wani farin abu ya biyo shi, laushi-laushi saboda ruwan zafi, tsohon kwaɓin alkama na shekara da shekaru. Ya sake ja a wata tsagar, ya sake fitowa.

Mitsi ta fashe da kuka. Baba ya tsaya yana kallon tsinken.

"Da na kwantar da ita da hannuna," ya ce a hankali.

Sai ya ɗaga kai ya dubi agogo. "Akwai sauran gari?"

"Akwai."

"To ku ba ni awa biyu. Kai surukina, ɗauki wannan burodin ka kai wa mutanen ƙasan bene, ka wanke fuskarka tukuna. Ke, goge teburin nan. Amarya, share hawaye, wanke hannu, yau ke ce mai mari."

Kicin ya rikice. Na wanke wuƙa da gwangwani har sau biyu, na fito da sabon tiren ƙarfe. Baba yana aunawa yana ba da umarni kamar yana da ma'aikata goma. Da aka juye kwaɓin a tire, Mitsi ta ɗaga hannu ta daka masa ɗaya, ya fallatsa mata a goshi, ta ƙyalƙyale da dariya da sauran hawaye a kumatu. Ta ƙara biyu.

Muka jeru gaban obin mu huɗu. Baba bai yarda zai tashi ba, na gani a fuskarsa, leɓensa sai motsi yake. Minti goma, shiru. Minti goma sha biyar, Mitsi ta ce, "Yana motsi!" Ya kumbura, ya kai baki, ya haura. Maigidana ya ɗaga Baba cak, tsoho na faɗin a sauke shi kafin a ƙarasa masa gwiwa.

Wannan karon ba wanda ya taɓa farantin. Ta ciji gefen, ɓawon ya yi ƙara, ta lumshe ido tana taunawa. Muka zuba mata ido kamar ba mu taɓa ganin mutum na cin abinci ba.

"Tsoho," ta ce da cikakken baki, "ƙaro."

Ya yanka mata mai kauri, ya shafa man gyaɗa. Daga nan ya ɗauki katakon ya sa a hammata ya nufi ƙofa. Na san ranar ce motar shara ke zuwa, na bi shi har matattakala.

"Baba, bar shi mana. A rataye a ɗakinka, ba mai taɓawa."

"Ni zan taɓa," ya ce. "Na san hannuna."

Ya sauka a hankali, mataki ɗaya-ɗaya, yana dafa bango. Daga ciki Mitsi na ƙwala masa kira ya yi sauri, ta ajiye masa ɗaya gefen.