Ɗigo Uku na Man Keke

Shekara ashirin da ɗoriya ina gyaran goge, ban taɓa ɓata kayan kiɗa da gangan ba sai da surukata ta sa ni. Na liƙe fasasshe, na miƙe wuyan da ya karkace, na sauya tsirkiya ba adadi. Amma kashe wa goge murya, wannan a wurinta na fara.

Laifin ma nawa ne tun farko. Da surukina ya yi ritaya daga gidan waya, na ga zaman banza na neman kwantar da shi, sai na sauko da wani tsohon goge daga bangon shagona na ce ya riƙa rage lokaci da shi. Ashe fitina na kai musu. Baba mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma hannun da ya shekara talatin yana buga hatimi ina ya san lallashi? In ya fara, sai ka rantse ƙofar ƙarfe ake ja a kan siminti. Kuma waƙa ɗaya ce tal, kullum bayan karin kumallo, a kujerar da ke bakin tagar kicin, daidai inda Mama ke wanke-wanke.

Wata uku ta daure. Ran nan ta shigo shago, ta ture gwangwanin gam ta zauna a benci, ta zayyana min komai. Telan da ke maƙwabtaka da su ya daina gaishe ta. Kyanwar gidan ta yi ƙaura. Ita kuma ba ta da bakin magana, domin ranar farko da ya gwada, tsautsayi ya sa ta ce masa ya yi daɗi.

"Kai ka kawo, kai za ka san yadda za ka yi," in ji ta. "Amma kada ya sani."

To ga sirrin sana'armu. Izga, wato lanƙwasasshen sandan nan mai gashin wutsiyar doki da ake gogawa a kan tsirkiya, ba ta kuka ita kaɗai. Sai an shafa wa gashin ƙaro yake kama tsirkiya ya girgiza ta. Gashin da ya sha mai kuwa ya tashi aiki, ko buhun ƙaro ka goga masa zamewa zai yi ta yi. Baba kuma duk Asabar yake kawo min izgarsa, don na taɓa cika masa baki cewa shafa ƙaro aikin ƙwararru ne. A wannan Asabar ɗin na juya masa baya, na ɗiga man keke ɗigo uku, na murza da yatsa, na miƙa masa hannu biyu da ladabi.

Unguwa ta yi tsit. Tela ya dawo da gaisuwa har da tambayar jikoki, kyanwa ta dawo gida, Mama ta aiko min da kwano shaƙe da nama. Ni kuwa sai fankama nake, na tanadi ƙaryata tsaf: in ya zo da ƙorafi zan ce laima ce ta kama gashin, sabo kuma sai an yi oda daga nesa.

Bai zo da ƙorafi ba. Asabar ta zagayo, ya miƙo izga, ya tambayi lafiyar iyali, ya karɓa ya tafi. Ta biyu ma haka. Nan fa jikina ya yi sanyi, domin Baba mutum ne da zai dawo da ƙwan fitila kanti in haskensa bai yi masa ba.

Da safe na je gidan. Na same shi a kujerarsa, ido a rufe, kai na rangaji, yana ta goga iya ƙarfinsa. Ba abin da ke fita sai ɗan huci kamar ana share tabarma. Mama na kicin ta ba mu baya, ruwan famfo na zuba.

Da ya gama sai ya yafuto ni. Baba kunnensa ya daɗe da yin nauyi, saboda haka raɗarsa har bakin titi ake jin ta. Ya ce tun bara likita ya gaya masa siraran sauti ne za su fara ɓace masa.

"Abin ya zo," ya ce. "Sati biyu ke nan ba na jin gogen ko kaɗan. Kada ka gaya wa Mamanku, hankalinta zai tashi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙyar na tambaye shi me ya sa bai ajiye ba tunda ba ya ji.

"To ai ita tana ji," ya ce. "Ita ce ta ce yana mata daɗi."

Famfo ya tsaya. Mama ta fito tana goge hannu da gefen zani, idonta jajir. Ta zare izgar daga hannunsa ta dangwara min a cinya, ta ce gashin nan ya tsufa, tana so a sauya shi kafin azahar. Ta kuma watsa min harara kamar ni kaɗai na ƙulla abin.

Na yanke tsohon gashin, na zaɓo mafi kyau a durowata, na taje shi, na ɗaure, na cika shi da ƙaro har yana ƙura. Washegari ina tsaye a gefe Baba ya ja izga. Ƙarar da ta fito sai da ta sa kyanwa ta tsallake katanga. Ya zabura, ya sake ja, sannan ya fashe da dariya hawaye na bin gemunsa, yana kiran Mama ta zo ta ji ikon Allah, kunnensa ya dawo. Don godiya ma, ya ce daga yau sau biyu zai riƙa yi mata, safe da yamma.

Na lallaɓa kicin, na zaro audugar toshe kunne da na taho da ita a aljihu na miƙa wa Mama a ɓoye. Ta dube ta, ta dube ni, ta jefa ta kwandon shara, ta buɗe ɗaya murfin tagar.