Duba Madubinka, Auta

A nan Agege suna cewa ni Iya Baiwa na cika sa ido, kuma ban taɓa musawa ba. A nan aka haife ni, a nan na aurar da 'ya'yana, ban kuwa ga amfanin idon da mutum zai bari a gida in zai fita ba.

Da gwiwata ta fara ciwo sai hawa danfo, motar hayar Legas, ya gagare ni. Kafin in ɗaga ƙafa kwandasta ya fara yi mini ihu da Yarbanci, ni kuma sai na tsaya na rama, sai mota ta tafi ta bar ni. Shi ya sa na koma wa Lado. Lado ɗan okada ne, magidanci, mutumin wani ƙauye a bayan Gumel. Ba ya gudu, ba ya kuma tayar da babur sai ya ga na naɗe hijabina na danne shi da cinya, kada taya ta ja.

To ni in muka shiga gosulo ba na iya yin shiru. Motoci ga su a jere, gilashi tas, kowa da abin da yake yi a ciki.

"Lado, ka ga waccan mai jar motar? Jan baki take shafawa. Wancan kuma shi da matarsa faɗa suke yi, dubi yadda ya juya yana nuna ta da yatsa."

Na lura duk motar da na ambata sai Lado ya rage tafiya, ya ba ta wuri. Rannan na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Iya, mai mota ba ya ganinmu. Danfo yake gani da tirela, abin da zai iya murƙushe shi. Ni tayarsa ta gaba nake kallo, don taya ba ta ɓoye inda za ta. Amma ke kina ganin mutumin tun kafin tayar ta motsa. Ki ci gaba da gulmarki."

Tunda nake ba a taɓa roƙona in yi gulma ba sai ran nan. Daga nan muka raba aiki, shi hanya, ni mutanen cikin mota. In na ga kan direba a ƙasa sai in matse masa kafaɗa.

Ana haka sai maƙwabcinmu Malam Yusha'u mai nama ya karye a ƙafa. Yana bayan okada, wani mai mota ya buɗe ƙofa bai duba ba. Autana Abdulwahid, wanda ke sayar da tayoyi a Dopemu, ya zo gida ransa a ɓace.

"Iya, daga yau ba ke ba okada. Duk inda za ki, ki bari sai Lahadi in kai ki a mota."

"Auta, mata ba sa jiran Lahadi kafin su haihu. Sunan fa? Bikin fa?"

"Na gama magana, Iya. Na kuma ja wa Lado kunne."

Na zauna a gida kamar buhun gari. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙawata Kalsum ce ta koma kawo mini labari. Kalsum! Matar da in ta fara ba da labarin saki sai ta manta wa ya saki wa. Ta zo ta zauna mini a tabarma tana cewa, "Ashe ba ki ji ba?" Ni ake tambaya ko ban ji ba.

Da aka zo sunan jikar yayata a Oko-Oba, ranar Talata, na ce wannan kam sai na je. Na aika wa Lado ya jira ni a bayan masallaci.

"Iya, oga zai ci mutuncina," in ji shi.

"Ogan nan ni na goya shi. Tayar mu tafi."

Muka je lafiya. Na ci tuwo, na ga wadda ta zo da leshin aro, na ji dalilin da ya sa uwar miji ba ta gaisa da uwar mai jego ba. Bayan la'asar muka kamo hanyar gida, cikina cike da labari.

Dab da kwanar layinmu motoci suka rage tafiya. Akwai wata baƙar mota a gabanmu, tsakaninta da kwata akwai fili daidai babur, Lado ya nufi wurin zai wuce. Na leƙa ta gilashin baya. Ban ga ƙeyar direba ba, sai saman hularsa.

Na damƙi kafaɗar Lado. "Tsaya! Wannan kansa na ƙasa."

Ya taka birki har goshina ya bugi bayansa. Ko numfashi ban sauke ba motar ta karyo dama, ba sigina ba hon, ta cinye filin nan da za mu shiga, tayarta na gogar bakin kwata. Iya Risika mai lemo, da ke zaune a kwanar, ta miƙe tana salati hannu a ka. Motar ta shige layinmu abinta, ta tsaya a bayan wata keke Marwa mai ƙafa uku da ke sauke fasinja.

Sai a lokacin na ga ƙujewar da ke gefen ƙofar baya. Na san ƙujewar nan, a gabana ƙofar gidanmu ta yi ta.

Wayata ta hau ƙara a cikin jaka. Na ciro. Auta.

"Salamu alaikum, Iya. Kina gida dai ko? Na kira Kalsum ta ce ba ta gan ki ba tun safe."

Na ce, "Duba madubinka, Auta."

Can na ga hular ta ɗago. Ƙofa ta buɗe, ya fito da wayar a kunne, ya nufo mu yana huci.

"Lado! Ban hana ka ba? Ashe kai ba ka jin..."

Bai ƙarasa ba Iya Risika ta tare shi. Ta kama masa hannun riga ta kai shi bakin kwata, ta nuna masa baƙin layin da tayarsa ta shata, ta nuna inda muka tsaya, tana yi da Yarbanci tana haɗawa da Hausa don kada ya ce bai gane ba. "Alhaji, Mama naka ne! Kai kana danna waya, kana danna waya!"

Auta ya dubi kwatar, ya dubi babur, ya dube ni. Sai ya tsuguna a wurin, da farar shaddarsa.

"Lambarki nake nema, Iya," ya ce a hankali. "So nake in tabbatar ba ki hau okada ba."

Lado ya ce, "Oga, ka yi haƙuri, laifina ne da na ɗauko ta."

"Rufe mini baki, Lado," na ce. "Da na zauna a gida, da wani ɗan okadan ne zai shiga wurin nan, wanda ba shi da tsohuwa mai sa ido a bayansa."

Na so in ƙara wa Auta, don ina da sauran magana da yawa, amma na ga har yanzu yana tsugune a bakin kwata. Na sauka da kyar na dafa kansa na ce ya tashi, mutane na kallo. Ya ce in shiga mota ya ƙarasa da ni. Na ce a'a, da wanda na fita da shi zan koma.

Washegari da safe Auta ya zo da leda babba. Hulunan kwano ne guda biyu, ɗaya ta Lado, ɗaya tawa, ruwan ɗorawa mai haske kamar danfo.

"Iya, ki hau. Amma da Lado kaɗai, ban da manyan tituna, kuma sai da wannan a kanki."

"Ta ina ɗaurin ɗankwalina zai shiga?"

"Ki rage masa tsawo."

Na ce na yarda, in shi ma zai riƙa jefa wayarsa a kujerar baya kafin ya tayar da mota. Ya ce ya riga ya fara. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Don Allah, Iya, maganar nan kada ta fita."

"Auta, a gaban Iya Risika ka yi. Tun jiya labarin ya tsallaka layin dogo."

Ranar da na fara saka hular, Kalsum ta yi dariya har ta riƙe bango, wai na yi kama da tukunyar gas. Na bar ta ta gama, sannan na tambaye ta ko ta ji abin da ya faru a sunan Oko-Oba. Ba ta ji ba. Na ce ta jira in dawo.

Lado ya duba hijabina, ya ɗaure mini igiyar hular a haɓa, muka fita. Ba mu kai kwana ba na matse masa kafaɗa.

"Wancan mai farar motar, ba shi wuri, masara yake ci da hannu biyu. Kai, tsaya ma tukuna. Ba mijin Surayya ta layinmu ba ne? Shi da aka ce likita ya hana shi tuƙi?"