Mai Nonon Bakin Kwaleji

Kofin ƙwallon kwando na kwalejojin jiha ya daɗe a ofishin Malam Labo har mai shara ya fara ajiye makullai a cikinsa. 'Yan Auduga, ƙungiyar kwalejinsu da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, sun fara cin kofin tun ana zuwa Dandume ba fargaba, kuma suna ci har yanzu da manomi ba ya duƙawa a gonarsa sai ya waiwaya. Labo ne kocinsu, mutumin da ko gaisuwa ka tsawaita masa sai ya tambayi kansa me kake nema.

Bana ƙarfin ƙungiyar duk yana hannun Jibo, wani dogon Bafillatani daga rugar bayan Mahuta. In ya saki ƙwallo daga nesa, 'yan kallo kan fara ihu tun ba ta faɗa kwando ba. Labo yana son yaron, ba ya dai nunawa.

Sai 'yan bindiga suka tare motar wata makaranta a hanya, gari ya ɗauka cewa da infoma a ciki, wato mai kai musu rahoto. A wannan zamani kuwa, wanda aka liƙa wa sunan nan ba ya kwana da tabbacin ransa. Labo ya daina faɗin ranar tafiya wasa, sai da safe yake cewa a haɗa kaya. Amma duk safiyar da za su tashi, sai ga wata mai nono a bakin get. Ba ta talla, ba ta gaisawa da kowa. Jibo zai je, ta tura masa ƙaramar ƙwarya fuskarta na kallon wani gefe, ya sha, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ta tafi. Wa ke gaya mata? Da Labo ya tsinci Jibo a bayan ɗakin kwana yana waya da Fillanci, sai zarginsa ya ƙaru.

Maimakon ya tambayi yaron, sai ya tare matar.

"Inna, kin san dogon nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗan mutane ne."

"Ya sunanshi?"

Ta gyara faifan ƙwaryarta, ta yi shiru kamar ba da ita ake ba.

Shirun nan ya ishi Labo hujja. Ya samu Haladu, shugaban 'yan sa-kai masu raka motarsu, ya ce masa, "Ba cewa na yi ya yi wani abu ba. Ku dai sa ido." Ai kuwa ba ido kaɗai Haladu ya iya sawa ba.

Safiyar tafiya wasan ƙarshe, 'yan wasa na loda jakunkuna, matar ta zo kamar kullum. Jibo ya kai ƙwarya baki ke nan babura biyu suka tsaya. Haladu ya cafki rigarsa, fura ta zube a ƙasa.

"Hau mu je, za ka yi bayani a ofis."

Kowa a wurin ya san ba duk wanda ya je ofishin nan yake dawowa da ƙafarsa ba. Labo ya kau da kai, yana ce wa zuciyarsa ran sauran yaran yake karewa.

Sai matar ta yi watsi da ƙwaryarta ta kurma ihu.

"Jibrilu! Jibrilu! Ku sake min ɗana, ni na haife shi!"

Jibo da ke kokawa ya tsaya cak, ya juyo yana kallonta baki buɗe. Daga ganin fuskarsa, bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba tun da ya zo duniya.

Nan take Labo ya gane. Ashe Jibo ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa a idon mutane, in an tambaye ta sai ta ce ɗan mutane ne. Shi kansa Labo ɗan fari ne, har mahaifiyarsa ta koma ga Allah "wannan yaron" take ce masa. Al'adar da ya tashi a cikinta ke nan, amma tsoro ya rufe masa ido. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Ya sha gaban babur ɗin Haladu ya riƙe kan babur ɗin.

"Malam, kai fa ka kawo mana maganar," in ji Haladu.

"Ni na kawo, ni na janye. Uwarshi ce, furar tafiya take kawo mishi. In sai kun tafi da wani, ga ni."

Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe Haladu ya saki rigar yana tsaki. Amma maganar ta riga ta fita, kuma Jibo ya ji ta. Ya cire rigar 'Yan Auduga, ya ninke ta tsaf, ya ajiye a matakalar mota, sannan ya tsince faifai da ludayin uwarsa. Ita kuwa ta goge ido, ta juya ta kama hanya ba ta ƙara kallonsa ba, shi yana biye.

"Jibo!" Labo ya kira. "Jibrilu!"

Direba ya tambaya ko a jira. Labo ya ɗauki rigar, ya daɗe yana kallon hanyar Mahuta, sannan ya ce a tayar da mota.