Awon Naman Malam Zailani

Malam Zailani dillalin shanu ne a Yankara, kuma duk kasuwar babu wanda ya kai shi sanin nauyin dabba da ido. Sai ya kalli bijimi sau ɗaya ya faɗi yawan tsokar da ke cinyarsa, mahauta su yanka su tarar haka ne. Nauyin da bai taɓa yarda ya duba ba shi ne nasa. Teɓarsa kan riga shi shiga zaure, wuyansa ya yi ninki kan ninki, ga gwaiwa ta sauko masa har ta hana shi hawa doki, yana tafiya a buɗe kamar mai ɗauke da tulu tsakanin ƙafafu.

Da abin ya kai shi ga yin salla a zaune, sai ya hau motar auduga da kaka ya tafi babban asibiti. Likita Bature ya duba shi, ya ce aikin ba wuya, amma ba zai sa wuƙa cikin wannan kitse ba. Ya ce masa ya koma gida ya rage jiki, ya dawo kafin damina ta yanke hanya. In bai ragu ba, babu aiki.

Malamin asibitin da ke fassara ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce abinci a ciki kamar itace ne a murhu, kowane iri da yawan wutar da yake bayarwa, Turawa na kiran awonta kalori, kuma abin da jiki bai ƙone ba shi ke zama kitse. Ya ɗauko wani dutse kamar ƙwan agwagwa ya sa masa a hannu.

"Baba, naman da za ka ci a yini kada ya fi wannan nauyi. Tsoka zalla, ban da tozo, ban da kitse. A auna shi ɗanye, kafin ya ga wuta."

Zailani ya ce ya ji. Ya dawo gida ya aro sikelin hannu wurin wani mai sayen gyaɗa, ya kira Audi mahauci, wanda ya saba gasa masa balangu. Aka ɗora dutse gefe guda, aka ɗora jan nama gefe guda. Da Audi ya gasa ya kawo, sai ga abu ya motse ya koma kamar kunnen akuya. Zailani ya daɗe yana kallonsa. Ya sake ɗora shi a sikeli, ya ga dutse ya rinjaye shi nesa.

"Audi, an cuce ni. Dubi gibin da ya rage."

"Ranka ya daɗe, ai wuta ce ta sha ruwansa."

"To ni kura ne da zan ci ɗanye? Abin da zai shiga cikina shi za a auna. Ciko mani."

Audi ya ciko. Mahauci ba ya gardama da mutumin da ke zaɓar masa shanu.

Mai kwaɗayi ba ya rasa hujja, kuma Zailani ya zauna ya gina tasa da tubali mai kyau. Ya ga maiƙo na ɗiga cikin garwashi, ya ce to ga kalorin can yana ƙonewa a waje, ba a cikinsa ba. Ashe ke nan gwargwadon yadda nama ya bushe, gwargwadon yadda ya zama fanko. Daga balangu ya koma banda. Daga banda ya koma kilishi. Audi ya yanyana cinyar sa falle-falle, ya shanya ta bushe, ya tsoma ta cikin kwaɓin tunkuza da yaji, ya sake shanyawa, ya kanga a wuta. Kilishi ba shi da nauyi. Kafin ya ɗaga dutsen nan sai an tara tuli wanda da ɗanye ne zai ciyar da gida guda.

Goggo Baraka, yayarsa da ke zaune a gidan tun rasuwar mijinta, ta leƙo ta gan shi da faifai cike a gaba.

"Wanga shi ne maganin da Bature ya ba ka?"

"An auna, Yaya. Ga dutse, ga sikeli, duba da idonki."

"Na duba. Mi ya sa to aka ƙara wa wandonka ƙyalle makon jiya? Ko shi ma rana ce ta sa ya motse?"

Ya ce mata ba su san ilmin awo ba. Ta ce gaskiya ne, ita dai ta san sa guda ya shiga gidan nan da ƙafa huɗu bai fita ba.

Zailani ba jahili ba ne, kuma wannan shi ne abin ƙyamar. Mutumin da ya san ko bushewar rani ba ta mai da saniya akuya, ya san sarai ruwa ne ya fita daga naman, ba ƙarfinsa ba. Amma kullum ya kira mutane su shaida awon, ya yi bisimilla, ya ci har ya lashe yatsu, yana jin kansa mai bin doka.

Da hadari ya fara haɗuwa gabas, aka kama masa ya hau mota, mutum huɗu na turawa. A asibiti ya hau sikeli yana murmushi. Malamin ya duba allurar sikelin, ya sake dubawa, ya ce ya sauka ya sake hawa. Nauyinsa ya ƙaru. Zailani ya rantse bai taɓa wuce awo ba, har ya zaro ƙunshin kilishi daga aljihu ya nuna irin abin da yake ci. Malamin ya juya ya gaya wa likita. Likita bai ko ɗaga masa riga ba. Ya ce a kira na gaba.

Ruwa ya sauka, hanya ta yanke. Zailani ya yi daminar a kishingiɗe a zaure, gwaiwa ta ƙara sauka har kasuwar shanu ta gagare shi zuwa, Fulanin da suka saba sauka wurinsa suka nemi wani dillali. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya gyara riga ya rufe cinyoyinsa, ya ce masa sikelin asibitin nan ya lalace, ya kamata a gaya wa hukuma.