Muryar Sawsan da Kujerar Ƙarshe

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Sawsan Fahim ta ji barin daga bakin malaminta, Ustaz Nasif, ta sa ƙafa ta shure.

Tun tana budurwa yake horar da ita a ɗakinsa na unguwar Shubra, shi a kan fiyano, ita a tsaye, har ya gina mata muryar da babban zauren waƙa na Alƙahira ke buƙata. A can ba a ba mawaƙi lasifika. Makaɗa cike da ramin gaban dandamali, kai da ƙirjinka za ka ƙetare su, har na kujerar ƙarshe ya ji ka. Sawsan tana kaiwa. Sai masu wasan waƙa da rawa na tsakiyar gari suka zo mata da daɗin baki. A wurinsu kullum wasa, kullum tafi, kuma ɗan makirfo ake manna wa mutum a goshi, ko raɗa ya yi kowa ya ji.

"Shekara ɗaya zan yi in dawo, Ustaz."

"Murya jaki ce, 'yata. In ya saba yawo ba kaya, ran da kika ɗora masa buhu kwanciya zai yi."

Shekara ɗaya ta haifi 'ya'ya har da jikoki. Ran da gwiwoyinta suka fara ƙorafi, aka kawo wata yarinya mai tsalle kamar fara, aka ce wa Sawsan ta je ta huta.

Ana nan sai ta ji babban zaure na neman wadda za ta fito a uwar sarki a wani sabon wasa. Matsayi ne na mace mai shekaru, in ya wuce ta ba wani. Ta hau benen Ustaz Nasif ta same shi ya tsufa tukuf, yatsu na rawa. Bai yi mata gori ba. Ya buɗe fiyano, ta rera, ɗakin ya cika.

"Ka ji ko? Muryar tana nan!"

"Ɗakin nan maƙaryaci ne. Kyanwa ta yi kuka a nan sai ki rantse zaki ne. Ba ni shekara biyu in tashi jakin."

"Ranar Talata ne gwajin, Ustaz."

"To. Zan buga miki. Amma in ba ta kai ba, ki bar ta. Kada ki kuskura ki turo ta da maƙogwaro."

Mai zaɓen mawaƙa Madam Afaf ce, wadda a da a bayan Sawsan take tsayawa cikin 'yan amshi. Da hantsi suka same ta can kujerar ƙarshe, da kofin shayi a hannu. Zauren ya yi wa Sawsan girma, kamar an ƙara shi bayan tafiyarta.

Ustaz ya buga, ta ɗauka. Daɗin muryar yana nan, ba mai musu. Ta kai ƙarshen baitin farko sai Madam Afaf ta yi magana daga can, magana kawai, amma ta cika zauren.

"Sawsan ƙawata, kin fara ne, ko har yanzu gaisawa kuke da Ustaz?"

Hannun Sawsan ya tafi goshinta da kansa zai gyara makirfo. Gumi ya tarar.

Ustaz Nasif ya janye yatsunsa. "Ya isa. Mu tafi gida."

"Buga."

"'Yata..."

"Na ce ka buga, Ustaz! A gaban Afaf zan sauka da kai a ƙasa?"

Ya buga. Ta nemi numfashi a ciki inda ya koya mata, ta tarar wurin ya daɗe a rufe. Sai ta yi abin da aka hana ta: ta ɗaure wuya, ta turo. Da waƙar ta hau can sama, muryar ta fita, ta tsallake ramin makaɗa, ta ratsa kujeru. Madam Afaf ta ajiye kofi. Sai Sawsan ta ji wani abu ya yage a wuyanta kamar tsohon zane. Bakinta a buɗe, iska kawai ke fita.

Likita ya ce jijiya ce ta fashe a maƙogwaro. Shiru na watanni, ko raɗa babu. Magana za ta dawo in Allah ya yarda. Waƙa kuwa, sai ya duba takalminsa.

A makon ne kuma mutanen tsakiyar gari suka aiko: suna da gurbin suruka mai ban dariya, waƙa biyu kacal, ga makirfo a goshi, ba rawa. Abin da ko tana mura da za ta iya. Ɗan aiken ya jira amsa, ta nuna masa wuyanta, ya tafi. Ba tsuntsu ba tarko.

Da la'asar ta hau benen Shubra, don ba ta san inda kuma za ta ba. Ustaz ya dafa mata shayi ya zuba zuma, suka zauna. Can ta taɓa hannunsa, ta nuna wuyanta, ta nuna nesa, ta ɗaga gira.

Ya dube ta.

"Ta kai," ya ce. "Na tsawon numfashi guda. Sha shayinki kada ya huce."