Suna a Wutsiya

Tsohon kafinta ya je jami'a ya yi wa shugaban sashe faɗa a kan 'yarsa.

Malama ce a can, ta daɗe. Binciken ƙwayoyin halitta take yi, amma ba ta ɗibar jini, ba ta yanka ɓera. A kwamfuta take lissafa yadda ƙwayar cuta ke sauya kama har ta gagari magani. Shi bai gane ba, bai kuma ce ya gane ba. In an tambaye shi a bakin shago sai ya ce, "Farautar cuta take da lissafi," ya ci gaba da goge katako. Karatunsa bai yi nisa ba, amma yana gane sunansa a rubuce, kuma shi take ɗauke da shi a bayan nata. Duk mujallar da ta kawo gida sai ya bi da yatsa. Sunaye a jere, nata kullum a wutsiya.

Shugaban ya ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Ni na haife ta. Tun firamare ba ta taɓa zuwa ta ƙarshe ba. Sai a hannunku?"

"Baba, a fagensu haka ake yi. Wanda ya yi aikin da hannunsa shi ne a gaba, jagora a ƙarshe. Girmamawa ce."

"Girmamawar da ta hana ta zama farfesa?"

Shugaban ya sosa ƙeya. "'Yan kwamitin ƙarin girma ba 'yan fagen ba ne, na gaba kawai suke gani. Akwai sabon bincike da za ta tura. Na ce ta sa sunanta gaba da na ɗalibinta, bana a wuce wurin. Ku taya ni yi mata magana."

Tsoho ya fita ba sallama. Ya hau bene yana hutawa, don ƙirjin ya fara yi masa gardama.

Ofis ɗinta sanyi kamar randa. Farin allo cike da lissafi, wayoyi sun harɗe a ƙarƙashin tebur, shayi ya huce a kofi. Wani dogon mutum mai jajayen idanu ya miƙe daga gaban kwamfuta, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba su wuri.

"Baba! Kai da aka ce ka kwanta?"

"Na gaji da kallon rufi. Uwata, wannan dogon ne ɗalibin?"

"Shi ne."

"Wa ya yi aikin?"

"Ni na kawo tambayar, ni nake duba masa. Amma shi ya rubuta manhajar, shi ya gano inda ƙwayar ke sauyawa."

"In ya koma na biyu fa?"

"Akwai aikin koyarwa da yake nema. Sai mai suna a gaba suke ɗauka." Ta kawar da kai. "Amma ya ce ya yafe mini."

"Ya yafe, ko kunyar malamarsa ya ji?"

Ta ce, "Baba, abin da likita ya gaya maka ya gaya mini. Kwamitin nan in ya tashi sai baɗi. Kullum kana cewa kana so ka ji an kira ni farfesa da kunnenka."

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Ashe har ta riga ta sauya jerin sunayen, turawa kawai ya rage.

Ya matso, ya ɗora yatsa a kan gilashin. Ga sunanta a gaba, nasa manne da shi, ba kowa kafin su. Ya yi kyau ƙwarai. Ya daɗe yana kallo. Ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba yana hango dogon a tsaye a baranda, ya jingina da bango yana murza ido.

"Mayar da shi yadda yake."

"Baba, saboda kai na..."

"Na sani. Allah Ya yi miki albarka." Ya ɗauke yatsansa, ya gyara zaman hularsa. "Amma sunan nan nawa ne, aro na ba ki. Ban yarda ba."