Zaren da Tilottama Ta Kawo Surat

Jirgin ƙasa ya sauke Tilottama a birnin Surat da hantsi, bayan kwana da yini tana zaune kan ƙullin kayanta a bakin ƙofar banɗaki. Ƙafafunta sun kumbura. Tun asuba ba ta sa komai a bakinta ba, kuma ba ta da niyya, domin yau ce ranar rakhi, ranar da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a wuyan hannu, ba ta karyawa sai ta ɗaura. Zaren yana ƙulle a bakin sarinta, wato dogon zanen da ta naɗa a jiki, ja mai ratsin ruwan gwal, tare da 'yar takardar adireshi.

Ƙaninta Banamali ta zo nema. Shekara tara ke nan da ya bar ƙauyensu a yankin Ganjam ya zo aikin masaƙa. Da can duk Lahadi sai ya kira ta, su yi ta zuba har wayar ta yi zafi. Sannu a hankali kiran ya ɗauke. In ita ta kira, sai ya ɗaga ya ce, "Lafiya nake, Yaya, lafiya lau," ya kashe, ko da tana tsakiyar magana. Wata huɗu da suka wuce mijinta ya rasu. Ranar da matan unguwa suka fasa mata awarwaro, suka goge jan garin da ke tsagar gashinta, alamomin matar aure a al'adarsu, ta kira shi tana kuka ta faɗa masa. Ya ce, "Lafiya nake, Yaya," ya kashe. Bai zo ba, bai aiko ba. Abin da ya taso ta ke nan: ta ji daga bakinsa ko har yanzu tana da ɗan'uwa a duniya.

A bakin tasha ta fara tambaya kamar yadda ake yi a gida. Ta tare wani mai sayar da shayi ta ce tana neman Banamali ɗan Kalandi masaƙi. Mutumin ya dube ta, ya faɗi wani abu da Gujarati, harshen garin da ba ta ji, ya ci gaba da zuba shayinsa. Mutum biyar ta tare, babu wanda ya tsaya ta kai ƙarshen sunan uban. Ba su yi mata wulaƙanci ba, da ma sun yi da ta samu abokin faɗa. Wucewa kawai suke yi, kowa da inda ya nufa, ita kaɗai ce a garin nan ba ta san gabas ba. Daga ƙarshe wani mai keke mai ƙafa uku ya karanta takardar, ya ɗaga mata yatsu alamar kuɗin da za ta biya, ta hau.

Ta ɗauka tun da ranar biki ce za ta tarar da shi a gida ya yi wanka yana zaune. Ashe injin saƙa bai san biki ba. Tun daga bakin layin ƙara ta tare ta, kwarakwatsa-kwarakwatsa daga kowane gini, har ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafarta.

Ɗakin da ma'aikatan ke kwana yana hawa na uku, dogo, babu taga, katifu jere kamar buhunan shinkafa, kan kowace akwai namiji yana sharar barci da rana tsaka. A bakin ƙofa wani tsoho mai tawul a kafaɗa yana tsince shinkafa. Sai ta ji ya yi mata magana da harshen gida.

"'Yata, wa kike nema a gidan gwauraye? In miji ne, duk na nan jidali ne, ban ba ki shawara ba."

"Banamali, Baba. Ƙanina ne."

"Bana? Ga katifarsa can, ta huɗu."

Ta nufi wurin, ta sunkuya. Wani baƙon mutum ne kwance, baki buɗe.

Tsohon, wanda shi ke dafa musu abinci, ya yi dariya. "Kada ki ɗaura wa wannan, yana da nasa 'yan'uwan. Katifar ta mutum biyu ce. Shi da rana, ƙaninki da dare. Sai bakwai zai taso. Zo ki ci shinkafa."

Ta girgiza kai, ta nuna masa zaren. Ya ce, "Au," bai sake tayi ba.

Haka ta yini a kan matattakala, ƙullinta a cinya. Tana ganin rigar Banamali rataye a ƙusa, wadda ta saya masa da hannunta, wuyan rigar ya cinye. Yunwa ta zo ta wuce. Ta yi ta tsara abin da za ta faɗa masa, tana warwarewa tana sake ɗaurawa. Ba ta taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko a daren farko bayan an kai mijinta, don a lokacin akwai masu taya ta kuka.

Da rana ta yi ja, na kwance suka tashi suka fita, wasu suka fara hawowa da auduga a gashinsu. Ta hango shi. Ya rame. Ta kira, "Bana!" Bai waigo ba, alhali taku biyu ne tsakaninsu. Ta sake kira. Tsohon ya taɓa kafaɗarta.

"Ki sha gabansa, 'yata. Injin ya cinye masa kunne. Rabin ɗakin nan haka suke, ba sa son a sani a gida."

Ta zagaya ta tare shi. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"Yaya!" ya faɗa da ƙarfi, har na ƙasa suka ɗago kai. "Ke ce? Ke kaɗai kika zo?" Ya ga zaren a hannunta, ya goge tafinsa a wando, ya miƙo mata hannun dama kamar yadda yake yi tun yana ɗan shekara huɗu.

Duk maganar da ta yini tana tsarawa ta bi iska. Ta kama hannun ta fara ɗaurawa. Yana kallon hannuwanta yana murmushi, sai murmushin ya tsaya. Ya juya wuyan hannunta, wayam. Ya ɗaga ido ya dubi tsagar gashinta.

"Yaya, ina awarwaronki?"

Ta ja bakin sarinta ta rufe hannun.

"Yaushe?"

Ta ɗaga masa yatsu huɗu, ta nuna sama inda wata ke fitowa.

Ya dafe bango. "Wata huɗu! To me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Tilottama ta tuna wayar da ta yi masa tana kuka, ashe ko kalma ɗaya bai ji ba. Ta kwance ƙullinta, ta ɗauko wainar shinkafa da mazarƙwaila da ta toya masa tun a gida, ta gutsura ta sa masa a baki, sannan ita ma ta karya.